Makullin Ɗakin Sanyi

Da a ce Tsoho bai biyo ta bayan rumfa yana laluben bango da sandarsa ba, shin Mai-haɗi zai yi kiran da ya yi, ko kuwa zai juya ya koma bakin aikinsa ya bar wuta ta yi magana a madadinsa? Babu mai iya cewa. Shi kansa ya juya tambayar ta kowace fuska bai sami bakinta ba.

Gidan aikin na ƙera tankunan ruwa ne. Ana shimfiɗa zaren gilashi a kan uwa, wato ƙirar tankin, a shafe shi da ƙaro mai kauri kamar zuma, a bar shi ya daskare. Amma ƙaro ba ya daskarewa don kansa. Sai an fara gauraya masa wani ruwa shunayya, sannan a ɗiga masa wani farin ruwa mai warin da ke hawa kai. A jikin jarkarsa an rubuta feroksayid, amma a gidan kowa ɗigo yake ce masa. In ɗigo ya yi kaɗan, tanki ya kwana yana danƙo. In ya yi yawa, ƙaro ya ɗau zafi a cikin bokiti, ya yi hayaƙi, ya ƙandare tun buroshi bai taɓa shi ba. Sanin tsakanin nan shi ne aikin Mai-haɗi, babban ɗan Tsoho mai gidan aikin. Ba ya awo. Yakan fito da safe ya dubi sama, ya ɗora bayan hannu a jikin durom, shi ke nan ya san ɗigon ranar. A wurin ubansa ya koya, yana tsaye a gefensa tun kansa bai kai bakin durom ba, kuma kalmar yabo ɗaya da ya taɓa ji daga bakin Tsoho ita ce, "Hannun nan nawa ne."

Da idon Tsoho ya fara dushewa sai Auta, ƙanin Mai-haɗi, ya dawo gida. Ya yi shekaru yana aiki a wata masana'antar fenti a wani gari, ya dawo da farar riga mai aljihu da ɗabi'ar shinshina komai. Tun makon farko ya ga kwalaben ɗigo a kan taga, wata ma kafaɗa da kafaɗa da ruwan shunayya. Ya jira lokacin hutun rana, da kowa ya zauna a inuwa, ya ce, "Baba, ruwan nan ba kwance yake ba, a tsugune yake. Zafi ya taɓa shi, ya fara warwarewa. Yana warwarewa yana fitar da zafin kansa, zafin nan ya ƙara warware shi. In ya kai wani wuri ba ya neman ashana a wurin kowa. Tsatsa, ƙura, ɗigon shunayya guda, duk ingiza shi suke yi."

"Tun ba a haife ka ba muke zaune da shi," in ji Mai-haɗi. "Wa ya ci?"

"Ya ci kwandon shara bara, Yaya. An ce har gemun Direba ya ɗanɗana."

Direba ya shafa haɓarsa, ma'aikata suka tuntsire da dariya. Tsoho ma ya yi dariya. Wannan dariyar ce ta fara tsaya wa Mai-haɗi a rai.

Aka gina ɗan ɗaki a gefen da rana ba ta bugawa, aka sa masa na'urar sanyi, aka rataye ma'aunin zafi a ƙofa. Jarkunan ɗigo suka koma ciki, kowace da murfinta mai ɗan ramin shan iska. Auta ya kafa doka: duk mai buƙatar ɗigo ya zo da safe da 'yar kwalbar roba a zuba masa na ranar, abin da ya rage kuma ba ya komawa jarka. Ranar da aka gama, Tsoho ya kira 'ya'yansa biyu, ya lalubo hannun Auta ya danƙa masa makulli. Ya juya inda yake jin numfashin babban ya ce, "Hannu naka ne, makulli nasa."

Rabo ne na gaskiya, Mai-haɗi ma ya san haka, kuma sanin bai rage masa komai ba. Makullin na rataye a ƙugun Auta da jan zare, yana bugun ƙarfen bel ɗinsa in yana tafiya. Cikin ƙarar injin goge da ta fanka, wannan ɗan ƙaran ne kaɗai kunnen Mai-haɗi ke tsinta. Kujerar Tsoho, wadda shekara da shekaru take kusa da duroman haɗi, ta fara tafiya kaɗan-kaɗan har ta isa ƙofar ɗakin sanyi. Tsoho ya ce iskar da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofa tana yi wa ƙafafunsa daɗi. Ƙila gaskiya ne. Amma daga inda Mai-haɗi yake juya ƙaro yana hango su, Auta a durƙushe yana ba da labarin injunan da ya gani a can, Tsoho yana gyaɗa kai baki buɗe kamar yaro. Shi bai taɓa samun labarin da zai ba ubansa ba. Duk abin da ya sani, uban ne ya gaya masa.

Bai taɓa zuwa da kwalba ba. Mai-goge yake aikawa da ita, wani kurman dattijo da ba ya tambaya, ya karɓo masa. Wata safiya Auta ya biyo Mai-goge da kwalbar a hannunsa.

"Yaya, ka riƙa zuwa da kanka mana. Ni ban san yawan da kake so ba, cika maka kawai nake yi."

"Ni in tsaya a ƙofarka da kwalba a hannu kamar mai bara? Ranar da na fara haɗa ƙaro kana tsotsar yatsa. Idonka ba zai ga wannan ranar ba."

"Yaya babba," Direba ya ɗago daga ƙarƙashin mota, "likita ya ce ka zo ka karɓi allurarka, ba ta da zafi."

"Kai kuma ka ji da tayarka da ke sulɓi."

Auta ya ajiye kwalbar a kan durom ya tafi. Bai yi fushi ba, kuma rashin fushin ya fi zagi ciwo.

Da aka kawo sababbin jarkuna, aka sauke su a tsakar gida, Auta ya tafi raka Tsoho asibitin ido. Mai-haɗi ya daɗe yana kallonsu. Tun da safe ya taho da wani tsohon gwangwanin man birki daga gida, bai gaya wa kansa dalili ba. Ya buɗe jarka ɗaya ya cika gwangwanin, ya murɗe murfin da ƙarfi don kada wari ya tona shi. Ba jahili ba ne. Ya san ɗigo ba ya son rana, ya san ba ya son shunayya. Amma duk tsawon rayuwarsa a kwalbar roba ya san shi, a fili, a inuwa, yana ƙarewa cikin kwanaki. Bai taɓa buƙatar ɓoye shi ba. Ɓoyon ne ya zaɓa masa gwangwani, don ba a ganin cikinsa, ɓoyon ne kuma ya zaɓa masa wuri: wani tsohon kabad na ƙarfe a bayan rumfa, jingine da bangon kwano, inda ake jibge fasassun uwayen tanki da ragowar zare, inda ba mai bi sai mai zuwa ban-ɗaki. Bai leƙa cikin gwangwanin ya ga jan tsatsar da ke gindinsa ba.

Ya yi wa Mai-goge alama ya huta, kwalbar jiya ba ta ƙare ba. Washegari ma haka. Ya ji daɗin kwanakin nan fiye da yadda ya kamata babban mutum ya ji. Yakan zagaya baya, ya tsiyaya abin da yake so, ya dawo yana fito, ya ga Auta na kallonsa da tambaya a ido. Sai dai tankunan suka fara jinkirin daskarewa. Ya ƙara ɗigo, suka ƙara jinkiri. Hannun da bai taɓa yi masa ƙarya ba ya fara yi masa, shi kuwa ya ɗora laifin a kan sabon ƙaro. Bai gane ɗigon gwangwanin ne ke lalacewa ba.

Ranar da abin ya faru zafi ya kai inda kwanon rufi ke ƙara shi kaɗai. Bayan hutun rana Mai-haɗi ya zagaya baya. Tun kafin ya isa wari ya tare shi, mai yaji, ba irin wanda ya saba ba. Ya taɓa ƙofar kabad ya janye hannu. Ya sa gefen riga ya buɗe. Gwangwanin ya kumbura, gefensa ya yi tulu, gindinsa ya turo har ya karkace, murfin yana huci siriri kamar maciji a rami. Maganar Auta ta dawo masa, a tsugune yake. Ga shi ya fara miƙewa.

Ya mayar da ƙofar a hankali. Ya ja da baya. Sai ya tsaya.

A nan ne wani tunani ya zo masa, bai zo da fuskar mugunta ba, ya zo da fuskar hankali. Me ke bayan rumfar nan? Tarkace. Babu durom, babu mutum. In ta kama za a kashe ta kafin ta kai ko'ina. Sannan Tsoho zai tambaya me ya ƙone, a ce ɗigo. Ɗigo kuwa a hannun wa yake? Ba sai ya yi ƙarya ba, ba sai ya ce uffan ba. Komawa kawai zai yi ya ɗauki sandar juya ƙaro. A zuciyarsa ya ga kujerar Tsoho ta dawo kusa da durom. Ya ga jan zaren ya bar ƙugun Auta. Wani sashe na zuciyarsa yana ce masa kai, ƙaninka ne, kai ka goya shi ranar da ya taka ƙusa. Ɗaya sashen yana ce masa ai ba kai za ka kunna ba. Ƙafarsa ta dama ta riga ta juya wajen rumfa, bakinsa kuma ya buɗe, ko don kira ko don numfashi.

Sai ya ji sanda. Ƙwas, ƙwas, a jikin kwano. Tsoho ne ya taho ban-ɗaki, hannu ɗaya a bango, kuma bangon nan kai tsaye zai kai shi ƙofar kabad.

"Auta!" Muryar ta fita kamar ba tasa ba. "Auta! Ɗigo!"

Ya yi tsalle ya rungumi ubansa ya ɗaga shi cak. Tsoho ba shi da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya ba shi tsoro. "Kai, kai, wane ne? Sauke ni!" Sandar ta faɗi. Auta ya zo a guje, ya tsaya daga nesa, ya shaƙi iska sau ɗaya.

"A cikin me?"

"Gwangwani. Ya kumbura."

"Na ƙarfe?" Auta ya dube shi, duban bai daɗe ba. "Kada kowa ya taɓa. Direba, kashe injuna, ka fitar da kowa ƙofar gida, ka kira masu kashe gobara. Yaya, kai Baba waje ka kawo min tiyo."

Suka laɓe a bayan katangar bulo su biyu, Auta na riƙe da bakin tiyo, Mai-haɗi na jan sauran, suna feshin kabad daga nesa. Ruwa na sauka a kan ƙarfen yana tashi tururi. Mai-haɗi ya yunƙura zai je ya buɗe ƙofar don ruwa ya shiga, Auta ya damƙi wuyan rigarsa ya dawo da shi ƙasa. Bai gama faɗuwa ba suka ji ƙarar. Ƙofar kabad ta tashi ta daki bangon ban-ɗaki, farin hayaƙi ya turnuƙe, wuta ta bi ragowar zare ta haye kan tarkace. Suka yi ta ba ta ruwa. Kafin masu kashe gobara su iso ta mutu, ta bar baƙin kwano da warin da ke sa hawaye. Cikin abin da ta ci har da uwar tanki ta farko, wadda Tsoho ya sassaƙa da hannunsa tun yana saurayi.

Aka zaunar da Tsoho a tsakar gida. Ma'aikata suka kewaye shi, kowa jiƙe. Ya sa aka gaya masa abin da ya ƙone, har da uwar tankinsa ta farko. Sannan ya ce, "Na ji warin. Ɗigo ne. Me ya kai ɗigo bayan rumfa?"

Mai-haɗi ya matso gaba. Yana neman inda zai fara, Auta ya riga shi.

"A wuyana yake, Baba. Duk ɗigon gidan nan ni aka ba amanarsa. Ya fita ban sani ba."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Mai-haɗi ya auna kalmomin ɗaya bayan ɗaya bai sami ƙarya ba, kuma duk da haka an rufe gaskiya ruf.

"Ka cika mu da wa'azi," in ji Tsoho, "ashe ƙofarka a buɗe take. Kawo." Auta ya kwance jan zaren ya sa masa makullin a hannu. Tsoho ya miƙa hannu cikin iska. "Ina babban? Wanda ya ɗauke ni. Karɓi."

Kowa na kallo. Direba, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya sunkuyar da kai yana matse hularsa. Mai-haɗi ya miƙa hannu ya karɓa.

Ya sami Auta a famfo yana wanke baƙin hannunsa.

"Wa ya roƙe ka?"

"Ba don kai na yi ba, Yaya."

"To don wa? Don a ce Auta mai kirki?"

"Wa zai ce? Wa ya sani?" Auta ya ci gaba da cuɗa sabulu. "Ni in na yi kuskure, Baba zai ce yaro ne, ya yi fushi ya huce. In ya ji kai ne, me ya rage masa? Kullum ina zaune a gabansa ina zuba kamar rediyo, ka san me yake cewa in na gama? Ya ce, ji yadda yayanka ke juya ƙaro, ko sauti ba ya canzawa. Kai aka ba hannu. Ni makulli aka ba ni don kada in koma inda na fito." Ya rufe famfo da ƙarfi. "Ga shi kuma ka haɗa duka biyun. Allah ya sa albarka."

Da yamma Mai-haɗi ya ajiye makullin a kan tebur a gida, ya zauna yana kallonsa. Matarsa ta kawo masa ruwa, ta dubi jan zaren, ta dube shi.

"Baban yara, ba wannan ne abin da ya hana mu sakat wata da watanni ba? To ga shi ya zo, sai ka yi masa fuskar makoki?"

"Ba ki san komai ba."

"Haka ne. Ni gwangwanin man birki kawai na sani, wanda nake zuba ƙusoshi a ciki, na wayi gari na ga ƙusoshina a ƙasa." Ta ɗauki kofin da bai sha ba ta mayar masa kusa. "Ban tambaye ka ba, kuma ba zan tambaya ba."

"Yaron nan," ya ce, kamar da tebur yake magana, "ya zo ya karɓi makulli, ya karɓi kujerar Baba. Yau laifina ma, nawa na kaina, ya riga ni ɗauka. Ko wannan bai bar min ba."

"Ikon Allah. Yanzu kishin laifi kake yi?"

Gaskiya ta faɗa. Ya so a ce Auta ya nuna shi da yatsa a gaban kowa, su yi faɗa, a raba su, kowa ya riƙe nasa. Yanzu duk safiyar da zai buɗe ɗakin nan, da kyautar ƙaninsa zai buɗe shi. Akwai kuma tsayuwar nan da ya yi a gaban kabad, wadda ba wanda ya gani. Auta ya yafe masa gwangwani, bai san da tsayuwar ba. Mai-haɗi ya rasa ko yafiyar ta kai can, ko mutum na iya yafe abin da bai san an yi masa ba.

Washegari ya riga kowa zuwa. Warin ƙuna bai bar gidan ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakin sanyi, makulli a tafin hannu, iskar ƙarƙashin ƙofa na taɓa yatsun ƙafarsa. Da gaske tana da daɗi. Bai buɗe ba. Ya je rumfa ya ɗauko 'yar kwalbar robarsa, ya ɗauraye ta ya share ta tas, ya dawo ya tsaya.

Ma'aikata suka fara shigowa. Direba ya gan shi, ya buɗe baki, ya sake dubawa, ya rufe. Auta ya shigo a ƙarshe, babu farar riga, ya nufi wajen tsintsiya.

"Kai," in ji Mai-haɗi. Ya jefa masa makullin. Auta ya cafe shi a ƙirji.

"Yaya, Baba kai ya ba."

"Na ji da kunnena. Buɗe."

"In ya zo ya tambaya fa?"

"In ya zo ni zan yi magana, kuma in ka sake riga ni buɗe baki sai na fasa maka shi. Buɗe, rana na yi."

Auta ya tsaya yana juya jan zaren a yatsa. Sannan ya sa makulli, ƙofa ta buɗe, sanyi ya fito ya bugi fuskokinsu. Mai-haɗi ya kalli yadda ƙanin ya ɗauko jarka, ya duba murfinta, ya goge bakinta, komai a natse, ya ji tsohon abin nan ya motsa a ƙirjinsa, bai tafi ko'ina ba. Ya miƙa kwalbar.

"In cika?" in ji Auta.

Mai-haɗi ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Rabi," ya ce. "Yau ma za a yi zafi."